Woo: kalmar Turanci ta masu zawarci

Assalamu alaikum, masu kallo. Kalmarmu ta yau haruffa uku ce kacal: W, O, O. Ana furta ta "wuu", a tsuke leɓe a ja wasalin. Kada ku haɗa ta da wow, wadda ake faɗa in abu ya burge mutum.

Woo aikatau ce, kuma tsohuwar gaske, don tun a Turancin Ingila na kusan shekara 1000 da suka wuce tana nan, ana ce mata wogian. Asalin ma'anarta neman aure. Saurayi ya yi ta sintiri ƙofar gidan su budurwa, ga zance, ga toshi, ga daɗin baki, ko Allah zai sa ya samu shiga. He wooed her for two years, wato ya shekara biyu yana nemanta. Ku lura, wanda ake nema yana bin kalmar ne kai tsaye, ba a cusa kalmar Turancin nan to a tsakani. In abin ya wuce a ce wooed, in ana cikinsa a ce wooing.

Sai dai fa a harkar soyayya ta zama tsohon yayi. Matashi a Landan in ya faɗe ta, galibi da raha yake yi. Inda take cin kasuwarta yanzu shi ne kanun jaridu. Governor woos investors: gwamna na zawarcin masu zuba jari. Party woos voters: jam'iyya na zawarcin masu zaɓe. Editoci na sonta ne saboda gajeriya ce, ba ta cin fili. Mu ma ai haka muka yi da zawarci. A da bazawara ake yi wa, yau kuwa kuna jin labarin wasanni ana cewa kulob kaza na zawarcin ɗan wasa kaza.

To ga inda masu koyo ke zamewa. Woo nema ne kawai, ba ta ce an samu ba. Ɗan takara zai iya raba atamfa da buhunan shinkafa unguwa-unguwa, ranar zaɓe kuma ya sha ƙasa. Duk da haka, he wooed them. In kuna son ku ce ya shawo kansu, sai ku ce he won them over.

In kuma kuka ga away ta biyo baya, to janyewa ake nufi. They wooed our customers away: sun lallaɓa sun ɗauke mana kwastomomi.