Ina saƙonninmu suke kwana? Lacca a kan manhajar salula da sirrin masu amfani da intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da iyayena da ke cikin wannan zaure, da ƙannena ɗalibai, na gode da wannan gayyata zuwa Tawa. An nemi in yi bayanin inda aikin manhajar aika saƙo ta ƙaramin kamfaninmu na Yamai ya kai, amma bayanin ba zai fito sarai ba sai mun fara duba abin da ya sa muka shiga aikin.

A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cak na kusan awa shida, saboda kuskure a saitin na'urorin kamfani guda a Amurka. A wannan yammacin, dillalin albasa a Galmi ba shi da halin tura muryarsa ta WhatsApp ga abokin cinikinsa na Madawa, alhali garuruwan biyu suna kan hanya guda, domin saƙon nasa sai ya ƙetare teku kafin ya dawo jihar Tawa. A watan Maris na 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka intanet ɗinmu ta ƙasar maƙwabta yake bi.

Abu biyu ne mutane suke yawan haɗawa, ina so ku raba su: ɓoye sirri daban, rarraba iko daban. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni da dabarar da masu Signal, wata manhajar aika saƙo, suka ƙirƙiro, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya sauraron abin da kuka faɗa. Sai dai lamarin kamar wasiƙar da ka liƙe ka ba direba a tasha ne: bai karanta ba, amma ya san wanda ya ba shi, ya san wanda ya karɓa, ya san ranar da kuma yawan aikenku. Wannan bayani kaɗai ya isa a gane abokan cinikin mutum da lokacin da kasuwarsa take ci. Signal ya rage irin bayanan da yake riƙewa, amma shi ma kwamfutocin ajiyarsa a hannu guda suke.

Masu neman rarraba iko sun bi wata hanya. Eugen Rochko ya fito da Mastodon, dandalin sada zumunta irin Twitter, a Jamus a 2016, inda kowace ƙungiya take iya kafa sabarta, wato kwamfutar da ke ajiyewa da miƙa saƙonnin membobinta, sabobin kuma su riƙa magana da juna. Jama'a da yawa sun koma can bayan Elon Musk ya sayi Twitter a 2022. Akwai Matrix, tsarin aika saƙo da aka fara a 2014, wanda gwamnatin Faransa ta gina manhajar ma'aikatanta, Tchap, a kansa. Akwai kuma Briar, wadda take iya miƙa saƙo daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko da intanet ya ɗauke.

A kan Matrix muka gina tamu manhajar, domin ƙaramin kamfanin da ya ce zai ƙirƙiro dabarar kulle saƙo da kansa, a ganina, ganganci yake yi da amanar mutane. Abin da muka kammala shi ne saƙon murya, tunda da baki jama'armu suke ciniki, ba da rubutu ba. Mun matse sautin yadda zai wuce ko da reso ya yi rauni, idan kuma ya ɗauke gaba ɗaya, saƙon yana jira a cikin waya har ya dawo. Mun rage nauyin manhajar, saboda duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai cajin waya ya ga yadda ake goge hotunan biki don a samu wurin saka sabon abu. Umarnin da ke ciki ana jin sa da murya a Hausa da Zabarmanci, na Tamashek kuma muna neman masu karantawa. Miƙa saƙo ta Bluetooth har yanzu gwaji ne, ko da yake ba baƙon abu ba ne ga matasan da suka saba tura wa juna wa'azi da waƙa daga waya zuwa waya ba tare da sun ƙona mega ba.

Abin da ya fi cin mana tuwo a ƙwarya shi ne makulli. A irin wannan tsari, makullin saƙonninka a cikin wayarka yake, idan an sace ta ko ta faɗa rijiya, tsoffin saƙonni sun tafi, sai in ka adana wasu dogayen haruffan sirri. Wannan dabara an yi ta ne don mutum guda mai waya guda wanda yake rubutu. A nan kuwa, waya guda takan zagaya tsakanin maigida da uwargida da yara, wani ma yaron shago ne yake buɗe masa ita. Muna gwada hanyar raba makullin ga amintattu biyu ko uku, ta yadda ɗaya shi kaɗai ba zai iya buɗe komai ba.

Akwai kuma tambayar da masu yabon wannan tsari ba su cika so a yi ba. Idan ƙungiyar manoman albasa ta kafa sabarta, wanda yake kula da ita zai ga wa ke magana da wa, kuma shi ba baƙo ba ne a wata nahiya, maƙwabcinka ne da kuke haɗuwa a masallaci. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kanta, saboda haka duk ƙungiyar da za mu kafa wa saba sai ta fahimci nauyin da ta ɗauka. Ga kuɗin wuta da batir da faifan hasken rana a lokacin bazara, wanda dole membobi su biya, tunda ba talla muke sayarwa ba.

Mataki na gaba shi ne gwaji da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kakar albasa mai zuwa. Ɗaliban da suka iya Linux, tsarin sarrafa kwamfuta, ko suke jin Tamashek su tsaya bayan an tashi mu yi magana. Yanzu, da izinin shugaban zama, zan karɓi tambayoyi.