Abin da Ke Hana Shugabannin Yamma Fahimtar Rasha da Mutanenta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tambayar da ta tara mu a yau tana da ban mamaki. Ƙasashen da suka fi kowa jami'o'i da 'yan leƙen asiri da taurarin ɗan'adam, me ya sa hasashensu game da Rasha yake yawan kuskure? A 2001 Shugaba George Bush ya sadu da Vladimir Putin a Silobeniya, ya fito ya ce ya dubi idon mutumin ya ga amintacce ne. A 2014 Shugaba Obama ya kira Rasha ƙasar da ƙarfinta bai wuce yankinta ba. A farkon 2022 kuma, da Rasha ta kai wa Yukiren mamaya, manyan jami'ai da yawa suka ɗauka babban birninta Kiyif zai faɗi cikin 'yan kwanaki, sannan suka ɗauka takunkumi zai durƙusar da Rasha cikin 'yan watanni, kuma babu ɗaya da ya tabbata. Ra'ayina shi ne labari yana isa teburinsu, amma suna karanta shi da zaton cewa Barashe yana tsoron abin da suke tsoro, yana kwaɗayin abin da suke kwaɗayi, kuma yana tuna tarihi yadda suke tuna shi. Fahimtar mutum daban, wanke shi daga laifi daban, kuma ina roƙon a riƙe wannan bambanci har mu gama, domin mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren zalunci ce, bayanin dalilanta bai mayar da ita adalci ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Amurka tana da teku gabas da yamma, Birtaniya tsibiri ce, amma daga Polan zuwa Mosko fili ne shimfiɗaɗɗe wanda babu dutsen da zai tare runduna. Mongolawa sun shigo a 1237, kuma sarakunan Rasha sun yi ta biyan su gandu har 1480. Tatarawan Kirimiya sun ƙone Mosko a 1571. Sojojin Polan sun zauna a cikin fadar Kremlin daga 1610 zuwa 1612, a zamanin da gadon sarauta ya zama abin rigima, ƙasa ta rasa mai riƙe ta. Napoleon ya shiga Mosko a 1812. Abin da ɗan makaranta yake ɗauka daga wannan tarihi shi ne duk lokacin da gwamnatin tsakiya ta yi rauni, baƙo yana shigowa. Don haka inda Ba'amurke yake ganin gwamnati mai ƙarfi barazana ce ga 'yancinsa, Barashe da yawa suna ganin gwamnati marar ƙarfi ce barazana ga rayuwarsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara kafa wannan tunani. Amurka ta rasa mutum dubu 400 da ɗoriya, Tarayyar Sobiyet kuwa ta rasa kimanin miliyan 27, Rashawa da 'yan Yukiren da 'yan Belarus da sauran ƙabilu. Jamusawa sun yi wa Leningrad ƙawanya kwana 872, kuma a ƙarshen 1941 rabon burodin yaro da wanda ba ya aiki ya sauko zuwa giram 125 a rana, burodin ma an cuɗa shi da dusa da abin da ba abinci ba. A wannan birni aka haifi Putin a 1952, kuma yayansa ya mutu yana ƙarami a cikin ƙawanyar. Har gobe amarya da ango sukan biya ta wurin tunawa da mazan jiya su ajiye furanni ranar aurensu, kuma 9 ga Mayu, ranar tunawa da nasara a kan Jamus, ita ce ranar da ta fi kowace girma a wurinsu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gwamnatin Putin tana amfani da wannan tabo don biyan buƙatarta, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta ƙirƙire shi ba, kuma wanda ya ɗauke shi farfaganda zalla ba zai gane dalilin da ya sa farfagandar take shiga zukata ba.

Inda saɓanin ya fi tsanani shi ne shekarun da suka biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, kuma a nan zan ɗan daɗe. A Washinton da Landan ana tuna zamanin Boris Yeltsin, shugaban Rasha na farko bayan rushewar, a matsayin lokacin da Rasha ta ɗanɗani 'yanci. A gidan talakan Rasha abin da ake tunawa daban ne. A Janairun 1992 gwamnati ta saki farashi gaba ɗaya bisa tsarin Yegor Gaidar, jagoran sauye-sauyen tattalin arziki na Yeltsin, tare da goyon bayan mashawarta daga Yamma, kuma kafin shekara ta ƙare farashin kaya ya ninka fiye da sau 20. Ajiyar da mutum ya yi shekara talatin yana tarawa a banki ta zama ba ta sayen komai. Tsofaffin mata suka jeru a ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin hunturu, wannan riƙe da safa, waccan da tukunya, wata da takalmin mijinta, suna jiran mai saye. Ma'aikatan masana'antu sukan yi watanni babu albashi, wasu a biya su da kayan da suke ƙerawa, su fita bakin titi suna talla. Matsakaicin tsawon rayuwar namiji ya faɗo daga kusan shekara 64 zuwa ƙasa da 58 a 1994. A lokacin ne kuma, musamman a 1995, manyan kamfanonin mai da na ƙarfe suka faɗa hannun mutane ƙalilan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Dattawan da ke wannan zaure, waɗanda suka ga abin da shirin SAP na 1986 ya yi wa albashi da darajar naira, sun san ɗanɗanon irin wannan, sai dai na Rasha ya fi shi zafi da sauri.

Haka kuma a Oktoban 1993 Yeltsin ya sa tankokin yaƙi suka yi luguden wuta a kan ginin majalisar dokoki, mutum fiye da 100 suka mutu, gwamnatin Clinton kuma ta mara masa baya. A Agustan 1998 ƙasar ta kasa biyan bashinta, kuɗinta ya sake karyewa. To, duk wannan an yi shi ne da sunan dimokuraɗiyya da kasuwa mai 'yanci. Da Putin ya zo a 2000, farashin mai ya tashi, albashi da fansho suka koma zuwa a kan kari, mutane da yawa suka yarda su ba da 'yancin siyasa a madadin kwanciyar hankali. Ku dubi Mikhail Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na ƙarshe: Yamma ta ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1990, amma da ya tsaya takarar shugabanci a ƙasarsa a 1996 bai samu ko kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u ba. Mutumin da suka fi ƙauna a waje shi ne wanda aka fi ɗora wa alhakin rushewa a gida.

Sai batun ƙungiyar tsaro ta NATO. A Fabrairun 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya ce wa Gorbachev ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba, amma ba a rubuta wannan a yarjejeniyar haɗe Jamus ba, kuma har yau ana jayayya a kan ko gabashin Jamus kaɗai yake nufi. Ɗaya ɓangare yana cewa babu takarda, ɗayan yana cewa an ci amana. George Kennan, wanda shi ya tsara manufar killace Sobiyet bayan yaƙi, ya yi gargaɗi a 1997 cewa faɗaɗa ƙungiyar zai zama kuskure mafi muni. Polan da Hangari da Cek suka shiga a 1999, ƙasashen Baltik (Estoniya da Latbiya da Lituwaniya) a 2004. A Maris ɗin 1999 firaministan Rasha Yevgeny Primakov yana cikin jirgi a kan tekun Atlantika zai je Washinton, da aka shaida masa NATO za ta fara jefa bama-bamai a Yugoslabiya sai ya umarci matuƙi ya juya Mosko. Putin ya faɗi ƙorafinsa ƙarara a Munik a 2007. A 2008 jakadan Amurka a Mosko, William Burns, ya rubuto wa gwamnatinsa cewa shigar da Yukiren cikin NATO jan layi ne a wurin manyan Rasha baki ɗaya, har da masu sukar Putin. Duk da haka taron Bukares na Afrilun wannan shekara ya ayyana cewa Yukiren da Jojiya za su zama mambobi, ba tare da lokaci ko kariya ba. An fusata Rasha, an kuma bar ƙasashen biyu a fili. Cikin wata huɗu yaƙi ya ɓarke a Jojiya.

Kada wani ya ɗauka kuskuren duk na tsokana ne, domin akwai na sakaci, kuma a ganina ya kai wancan nauyi. Ƙasashen Baltik da Sobiyet ta haɗiye a 1940 ta kwashe dubban mutanensu zuwa Sibiriya, da Hangari da ta ga tankoki a 1956, da Cekoslobakiya a 1968, su suka roƙi shiga NATO, kuma suna da hujja. Polan da maƙwabtanta sun yi shekaru suna cewa a cikin masu mulkin Mosko akwai waɗanda ba su taɓa yarda Yukiren ƙasa ce mai cin gashin kanta ba, amma a Balin da Paris aka ɗauke su masu riƙo da tsohuwar gaba. Rasha ta sa hannu a Budapes a 1994 cewa za ta mutunta iyakokin Yukiren a madadin Yukiren ta miƙa makaman nukiliyarta, amma Rasha ta ƙwace mata Kirimiya a 2014. Shekara ɗaya bayan haka kamfanonin Jamus suka shiga yarjejeniyar bututun gas na Nord Stream na biyu, har ya zama a 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke saye daga Rasha yake zuwa. Sun yi imani wanda kake ciniki da shi ba zai ƙona kasuwarsa ba, saboda su ba za su ƙona tasu ba. A Yulin 2021 Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da 'yan Yukiren al'umma ɗaya ce, amma kaɗan ne suka ɗauka da gaske yake.

Wani dalilin kuma shi ne waɗanda suke saurara. Jami'in diflomasiyya da ɗan jarida sun fi zama a Mosko, sun fi hira da masu jin Turanci waɗanda tunaninsu ya yi kama da nasu. Cikin waɗannan akwai jarumai na gaske: an harbe 'yar jarida Anna Politkovskaya a 2006, an harbe ɗan adawa Boris Nemtsov a kusa da Kremlin a 2015, jagoran adawa Alexei Navalny ya mutu a kurkuku a 2024. Amma ƙasar da ta kai murabba'in kilomita miliyan 17, mai ƙabilu fiye da 190, da miliyoyin Musulmi a Tatarstan da Dagestan da Ceceniya, ba ta taƙaita ga unguwannin 'yan boko na babban birni ba. Kuma a inda magana ke kai mutum kurkuku, amsar da ya ba mai ƙidayar ra'ayi ba lalle ce abin da ke zuciyarsa ba, don haka mai cewa duk suna bayan Putin da mai cewa gobe za su yi masa bore, dukansu sun faɗi fiye da abin da suka sani. Lissafin takunkumi ma a nan ya karkace. An riƙe kimanin dala biliyan 300 na ajiyar Rasha, amma Sin da Indiya suka ci gaba da sayen mai, tattalin arzikin ya ragu da ƙasa da kashi 3 cikin 100 a 2022, ya kuma farfaɗo a 2023. Su ma shugabannin Rasha sun yi irin wannan kuskure da suka zaci 'yan Yukiren ba za su yi turjiya ba. Mu kanmu ba mu tsira ba, domin matasan da suka ɗaga tutar Rasha a Yamai a 2023 da Kano a 2024 fushinsu da Faransa ko da tsadar rayuwa suke bayyanawa, ba sanin Rasha ba, kuma ina jin tsoron mu ƙaunace ta a kan jahilci yadda wasu suka raina ta a kan jahilci.

Akwai lokacin da aka saurari wanda ya sani. A Oktoban 1962, da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kai duniya bakin yaƙin nukiliya, shugaban Sobiyet Khrushchev ya aiko wa shugaban Amurka Kennedy saƙo biyu, na farko mai sassauci, na biyu mai tsauri. Llewellyn Thompson, tsohon jakadan Amurka a Mosko wanda ya san Khrushchev da iyalinsa, ya shawarci shugaban ya amsa na farkon, yana mai cewa idan mutumin ya samu damar gaya wa jama'arsa cewa ya ceci Kyuba daga mamaya, zai janye. Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye tsibirin ba, ya kuma yarda a asirce zai kwashe makaman Amurka daga Turkiyya, Khrushchev ya janye nasa. Yau Amurka da Rasha suna riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na makaman nukiliyar duniya, alhali Amurka ta fice daga yarjejeniyar taƙaita garkuwar makamai masu linzami a 2002, ta makamai masu matsakaicin zango ta mutu a 2019, Rasha kuma ta dakatar da aiki da yarjejeniyar rage makaman nukiliya ta New START a 2023. An kori ɗaruruwan jami'an diflomasiyya daga ɓangarorin biyu, an rufe ƙananan ofisoshin jakadanci, musayar ɗalibai da malamai ta ragu ƙwarai, wato hanyoyin da ake samar da mutum irin Thompson su ne suke toshewa.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Na gode, wassalamu alaikum wa rahmatullah.