Hanyar giwa da hanyar mutum: yadda ake bin alama a daji

[Ƙofar shiga Yankari, mota tana wucewa]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da rani ya kama mutane suka fara tururuwa zuwa Yankari, tambaya ɗaya ake ta turo mana: ga hanya nan fes a daji, kowa yana ganinta, don me za a ce sai an bi alama, sai da ɗan rakiya? Wasu ma gani suke dabarar karɓar kuɗi ce kawai. To, ku biyo ni.

Yankari gandun namun daji ne, yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. A 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga ƙofar Mainamaji zuwa masaukin Wikki kaɗai tafiyar kusan kilomita 40 ce, duk a cikin daji.

[Alluna da alamomi iri-iri]

Alamomin hanya ba su da wuyar ganewa. Allo mai suna da kibiya, fenti a jikin bishiya ko dutse, sai tarin duwatsu inda babu bishiya. A Faransa, dogayen hanyoyin ƙafa ana yi musu zane biyu, fari da ja, idan kuma ka ga an gicciya su, ana ce maka ba nan ba. Lambar da ke kan allo yawanci zuwa kawai take nufi. Ka ga kilomita 3, to 6 za ka taka kafin ka dawo, ka ɗebi ruwan 6.

[Mararraba: turba biyu, ɗaya mai faɗi, ɗaya siririya]

Yauwa, ga inda ake samun matsala. Ku dubi nan da kyau. Wacce za ku bi? Na san mafi yawanku kun zaɓi ta dama, mai faɗin nan da ta sha taku. Ita ce kuwa ba tamu ba.

A gari, hanyar da ta fi shan taku ita ce ta mutane. A daji irin wannan, mutum baƙo ne mai zuwa jefi-jefi, masu gida su ne giwa da ɓauna da gwanki, kuma kullum sai sun nemi ruwa. Garke ya bi wuri ɗaya safe da yamma, shekara da shekaru, dole ƙasa ta daddale, ciyawa ta mutu. Da rani kuma, da tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna taruwa ne a bakin kogin Gaji. Wanda ya bi turbar da ta fi kyau a ido, ƙafarsa za ta kai shi mashayarsu, shi kaɗai, a ƙasa.

[Kusa-kusa: kashin giwa, reshe a karye, ɓawon bishiya a ɓare]

Ga shaidar masu ita. Babu sawun takalmi, babu na taya.

Don haka aikin alama ba ya ƙarewa a mararraba. Kibiya ta nuna maka hagu, ka karya hagu, sai ka fara neman alama ta gaba, wadda za ta tabbatar maka kana kan hanya. Wannan ta biyun ce mutane ba sa nema. Suna ganin kibiya ɗaya sai hankali ya kwanta, a koma hira da ɗaukar hoto.

Idan ka yi tafiya ba ka ga ta gaba ba, tsaya cak. Juya ka bi sawunka har zuwa alamar ƙarshe da ka gani da idonka, daga can ka sake dubawa. Kada ka ce bari in ƙara gaba kaɗan, ai za ta haɗe. Kada ka yanke ta cikin ciyawa don ka rage nisa. Na san komawa baya tana da nauyi, musamman idan kai ne a gaba abokai suna biye. Amma a wurina mutumin da ya ce "mu koma" shi ne ya san daji, kuma shi zan so in bi.

Wata dabara da mafarautanmu suka daɗe da sani: duk mararrabar da ka wuce, waiwaya ka kalle ta ta baya, domin da wannan fuskar za ka same ta a dawowa. Waya kuwa kada a jingina da ita, sabis yana ɗaukewa, caji yana ƙarewa.

[Wikki: bika ta wawuri leda ta haye bishiya]

Wannan kam ba ta buƙatar kibiya, ta san inda abincinku yake. A riƙe jaka da kyau.

[Tarin duwatsu a kan tsauni]

Roƙo ɗaya, don Allah. Masu jera duwatsu don hoto, a daina. Wani zai zo bayanku ya ɗauka alamar hanya ce ya bi. Haka mai juya kibiya da sunan wasa, ko mai cire allo ya kai gida. Ran mutum ake wasa da shi.

A Yankari dai ba a kutsa daji a ƙafa kai kaɗai, kuma ba a sauka daga motar zagaye sai ɗan rakiya ya ce a sauka, ko da kogunan Marshall ko rijiyoyin Dukke za ku gani. Idan kuma tsaunukan Tula ko dutsen Bima a Gombe kuka nufa, kada ku sa ran allo a kowace kwana. Ku nemi ɗan gari ya shige gaba, ku faɗa wa wani a ƙasa lokacin da za ku sauko, ku kuma juyo tun la'asar da sauran rana.