Layi Uku da Bakin Mutum Bakwai

Ku dubi wannan katin. Layi ɗaya ne a tsaye. Ga kati na biyu, mai layuka uku: 1, 2, 3. Wanne ne tsawonsa ya zo daidai da na farko? Ko ɗan firamare ba zai ɓata lokaci ba, na 2 ne.

To, a ce kana zaune a aji, ku takwas. Na farko ya duba ya ce, "Na 1." Na biyu ma haka. Na uku, na huɗu, har mutum shida, babu wanda ya yi ko murmushi. Yanzu an zo kanka. Idonka na ce maka 2, ɗaki na ce maka 1.

Wannan shi ne tarkon da Solomon Asch, masanin halayyar ɗan Adam a kwalejin Swarthmore da ke Amurka, ya ɗana wa ɗalibai a farkon shekarun 1950. Yakan ce musu gwajin gani za a yi. Abin da ɗalibin bai sani ba, duk sauran mutum bakwai ɗin an haɗa baki da su. Za a nuna katuna sau 18, a 12 daga ciki su ba da amsar ƙarya da gangan.

Ɗalibai maza 123 aka zaunar a wannan kujera. Kusan kashi 75 cikin 100 sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Idan aka tattara amsoshin waɗancan zagaye 12 gaba ɗaya, kashi 37 cikin 100 sun bi ƙaryar taro. Amma da aka bar mutane su amsa su kaɗai, kuskuren bai kai ko kashi 1 ba. Ke nan ido lafiyarsa ƙalau.

A nan masu ba da labarin suke yawan yin gaggawa, su ce ai mutum tunkiya ne. Ni ban yarda ba. Kusan kashi biyu cikin uku na amsoshin gaskiya ne, kuma mutum ɗaya cikin huɗu bai taɓa miƙa wuya ba, duk da gumi da tsarguwa. Waɗanda suka bi ma ba dalilinsu ɗaya ba. Wasu sun ce sun zaci idonsu ne ke da matsala. Wasu kuma sun ga daidai sarai, tsoron zama saniyar ware ne ya kama su.

Yawan mutanen fa? Idan mutum ɗaya ne ya saɓa maka, da wuya ka motsa. Biyu, an fara tangaɗi. Uku, matsin ya kusa kai ƙarshensa, ƙarin wasu a kai ba ya sauya abu sosai.

Sai Asch ya sa mutum ɗaya cikin 'yan amshin ya riƙa faɗin gaskiya. Mutum ɗaya tak! Nan take bin taron ya faɗi zuwa kamar rubu'in yadda yake a da. Abin mamaki, ko da wannan mutumin wata amsar kuskure ya bayar daban, muddin dai ya fasa bakin jama'a, ɗalibin yakan samu ƙarfin faɗin abin da ya gani. Idan kuwa abokin ya juya baya a tsakiyar gwaji ya koma cikin taro, sai kuskure ya dawo tashi ɗaya.

Bayan an tashi, an tambayi ɗaliban game da wannan abokin nasu. Sun yabe shi, sun ce sun ji shi a ransu, ya kwantar musu da hankali. Da aka ce ko shi ne ya sa suka tsaya a kan gaskiya, sai suka ce a'a, ko babu shi ma haka za su amsa.