Sharhi: An kira an yi ƙorafi, sai kuma me?

Masu sauraro barkanmu da warhaka.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 INEC ta yi wa rajista, amma waɗanda suka fita suka dangwala ba su haura miliyan 25 ba, ko kashi 27 cikin ɗari ba a kai ba, alhali a 2003 kashi 69 ne suka fito. Kuma fa ba ƙarancin sanarwa ba ne, duk wanda ya kunna rediyo a lokacin ya ji ƙuri'arka 'yancinka safe da yamma har kunne ya gaji. Mutane sun ji. Abin da ba su gani ba shi ne inda maganar talaka ta taɓa gyara wani abu.

Ku duba yadda shirin kiran waya ke gudana a yawancin tashoshi. Dattijo ya sa katin ɗari biyu, ya yi ta bugawa da ƙyar layi ya shiga, ya yi sallama ya gaida Malam mai gabatarwa, ya ce taransifomar unguwarsu ta ƙone tun kafin azumi, sun yi karo-karo gida-gida sun kai kuɗi har yau shiru, yana cikin magana kati ya ƙare. Sai a ce Allah sarki Baba, to muna kira ga hukumomin da abin ya shafa, sai mai kira na gaba. Shi ke nan fa. Wace hukuma, wane ofishi, wa ya karɓi kuɗin, babu wanda ya bi sawu. Mutumin nan ne kuma za a ce wa ya fito ya bi layi cikin rana ranar zaɓe, haba.

Da daddare kuma fili na sojojin baka ne, wannan ya wanke ubangidansa wancan ya yi masa raddi da habaici, a yi dariya a majalisa a watse. Gaskiya ne tasha sai ta sayi dizal ta biya albashi, kuma 'yan siyasar su ke sayen fili, ba mai musun wannan. Amma wanda ya shekara yana jin siyasa a haka, ai ɗan kallo zai zama.

Bibiya ita ce ke aiki, kuma an gani a Zamfara. Tun 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a can. Garin Bagega na ƙaramar hukumar Anka ya zauna yana jira, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba za su iya fara yi wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke cikin gidaje, don in ba haka ba a yi magani yau yaro ya koma ya yi wasa a ƙasar gobe. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin aikin a 2012 aka yi ta jan ƙafa. Matasan Follow The Money, masu bin sawun kuɗin gwamnati, irin su Hamzat Lawal da 'yan jarida da jama'a a Twitter da Facebook suka riƙe tambaya ɗaya tak, ina kuɗin, ba su saki ba sai da aka saki kuɗin a farkon 2013 aka shiga aikin.

To irin wannan ai ba sai an jira annoba ba. Duk wata ana zaman FAAC, kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya, a Abuja ana raba kuɗi, kuma ana wallafa kason kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ma ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Mutum nawa ne a garinku suka san nawa ya shigo wancan watan? Me zai hana tasha ta ware minti goma ta karanto adadin da Hausa, hukuma bayan hukuma, sannan a kira ciyaman ya faɗi inda aka kai su. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kowa na iya rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda kuma kwana bakwai doka ta ba su su amsa, ba sai ɗan jarida ko lauya ba, amma wa ya taɓa zama ya koya wa masu sauraro yadda ake rubuta wasiƙar?

Shi kuma Baba mai taransifoma, a rubuta ƙorafinsa, a tura wakili unguwar, a nemi manajan kamfanin wutar lantarki na yankin, in ya ƙi ɗaga waya a faɗa a iska cewa an kira bai ɗaga ba, mako mai zuwa a sake kira.