Daga Lids: babbar kalma ba ta aiki a cikin bas

Assalamu alaikum mutanen Zazzau, na Samaru da Kongo da na cikin birni. Daga Lids nake magana, arewacin Ingila. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, haka garin yake. Ƙannena masu shirin jarrabawar IELTS, wadda ake gwada ƙwarewa a Turanci da ita, sun matsa mini da tambaya kan zaɓen kalmomi, to ku matso.

Akwai abin da masana harshe ke kira rajista, wato kowane zama da irin maganar da ta dace da shi. A gida, wanda ya fi fasa manyan kalmomi shi ake cewa ya iya Turanci. A nan kuwa, ka ce wa direban bas za ka "alight", wato za ka sauka, kallonka kawai zai yi. "Get off" ake cewa. Abin yana da tarihi. Da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, talakawa suka ci gaba da nasu. Shi ya sa dabba a garke sunanta "cow" ko "sheep", in ta hau teburin masu gari ta koma "beef" da "mutton". "Ask" na kowa ne, "interrogate" kuwa daga Latin ya fito, sai ofishin 'yan sanda. Kalmomin nan ma'anarsu na kusa, amma ba wurin zamansu ɗaya ba.

Sai kolokeshan, kalmomin da suka saba tafiya tare. J. R. Firth, masanin harshe wanda ya yi karatu a jami'ar garin nan, na cikin waɗanda suka fito da batun. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, ba "strong rain" ba. Kada ku tambayi dalili. Mu ma ai shan iska muke yi, ba wanda ke cin ta. Wallahi wannan ya fi haddace ƙamus amfani, don a rubutun IELTS ma'aunai huɗu ake dubawa, ɗaya a ciki yadda ka sarrafa kalmomi ne.

Konoteshan kuma shi ne abin da kalma ke ɗauke da shi na yabo ko zagi. Ka ce wa mace "slim", ka yabe ta. Ka ce "skinny", ka nemi faɗa.

Bidiyo na gaba kan kalmomin aro ne, har da yadda Kannywood ta shiga ƙamus ɗin Oxford a 2020. Ku gaida mutan gida.