Noman Ƙumba da Tsuntsaye Masu Ƙaura a Tekun Wadden

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da haɗuwa.

Yau zan kai ku arewacin Turai, zuwa Tekun Wadden wanda ya miƙe a gaɓar Holan da Jamus da Denmak. Sau biyu a rana ruwa yake janyewa ya bar fili mai faɗin gaske na laka da yashi, kuma a wannan lakar ne tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 suke yada zango kowace shekara. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2009. Daga cikin baƙin akwai wani ɗan tsuntsu da ake kira kanut, wanda wasunsa suke ƙyanƙyasa a Saberiya, su yi lokacin sanyi a Banc d'Arguin na Moritaniya da tsibiran Bijagos na Gini-Bisau. Don haka mu ma a Afirka ta Yamma maganar ta shafe mu.

Manoman ƙumba (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci) na Holan, waɗanda cibiyarsu take garin Yerseke, ba sa ƙyanƙyasar iri da kansu. Aikinsu kamar dashen albasa yake: su shiga jirgi su kankaro ƙananan ƙumba daga inda Allah ya tara su a ƙasan teku, su kai su gonakinsu na cikin ruwa, su jira su girma. A nan rigimar ta samo asali, domin wurin da ake ɗebo irin shi ne wurin kiwon tsuntsaye. A wajen 1990, bayan 'yan shekaru da ƙumba ba ta hayayyafa sosai ba, aka kwashe kusan duk tarin da ke bayyana idan ruwa ya janye. A sanyin 1999 zuwa 2000 kuma agwagin teku da ake kira eida kimanin 21,000 suka mutu, akasari saboda yunwa.

Ku lura da yadda kanut yake cin abinci, don a nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Ba ya fasa ɓawo da baki. Haɗiye ƙumbar yake yi ɗungurungum, ƙundunsa ya niƙe ta. Idan ɓawon ya yi yawa naman ya yi kaɗan, dole ƙundun ya ƙara girma kafin tsuntsun ya ƙoshi. Jan van Gils da Theunis Piersma da abokan aikinsu sun nuna a 2006 cewa inda jiragen inji suka tsotse wani nau'in ƙumba mai binne kansa a yashi, sabbin da suka biyo baya sun rame, tsuntsayen da suka iso da ƙaramin ƙundu kuwa ba su samu zarafin gyara jikinsu ba. Abin mamaki, duk wannan ya faru ne a yankin da doka ta ce an kare shi.

Shari'a ce ta sauya lamarin. A watan Satumba na 2004 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ba za a ba da lasisin irin wannan kamu ba sai hukuma ta tabbatar, ba tare da shakka ta ilimi ba, cewa ba zai cutar da wurin ba. Wato nauyin kawo hujja ya bar kan masu kare tsuntsaye ya koma kan mai neman izini. Daga Janairun 2005 aka hana tsotsar nau'in nan mai binne kansa da inji, aka biya masu jiragen diyya, aka bar masu kamu da hannu.

Manoman ƙumba su ma sun sha kaye a babbar kotun harkokin mulki ta Holan a 2008, kuma a ganina bai dace a ɗauke su azzalumai ba, domin sana'ar gado ce da take ciyar da iyalai. A watan Oktoba na shekarar suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati da ƙungiyoyin kare muhalli cewa sannu a hankali za su daina kankarar ƙasan teku, su riƙa rataye igiyoyi da raga a ruwa don iri ya maƙale a jiki. Hanyar tana aiki, amma ta fi tsada kuma ta fi cin wahala. An so a kammala sauyin a 2020, hakan bai yiwu ba, sai aka ɗage wa'adin zuwa 2029.